Makullin Ladan a Bakin Tafki

Tun ina ƙarama aka san ni da hali ɗaya a gidanmu: ba na karɓar magana sai na juya ta na ga bayanta. In mai kifi ta ce na yau ne, sai na ɗaga shi na shinshina. In kwandastan tirotiro ya ce saura mutum ɗaya mu tashi, sai na leƙa motar da idona kafin in hau. Ban taɓa jin kunyar wannan hali ba, shi ya sa ma ba a cika cutata a kasuwa ba. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne wata rana zan juya halin nan a kan mahaifina.

Baba shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu a Alabar, cikin Zongon Kumasi, unguwar Hausawa. Da can mai walda ne a Magazin, unguwar makanikai, sai da hasken wuta ya rage masa gani ya ajiye aikin, ya koma wa kiran sallah gaba ɗaya. A gefen masallacin akwai wani ɗan ɗaki inda ake ajiye na'urar lasifika, kuma makullin ɗakin yana wuyan Baba, a jikin wata baƙar igiya, ƙarƙashin riga. Ba ya ba kowa. Akwai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, na ce ya ba ni in kai wa telan da ke masa na'ibi, ya kalle ni kamar na ce ya ba ni haƙorinsa. Haka ya tashi yana rawar sanyi, ya je ya buɗe da kansa, ya dawo ya kwanta.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ni na ɗauki girkinsa da wankinsa. Daga gidan aurena a Asokore Mampong nake zuwa da kular abinci, in share masa ɗaki, in kwashe kayan dauɗa. A wajen wankin nan na fara ganin abin da ban gane ba. Duk ranar Litinin sai in tarar da wani gajeren wando a cikin leda, a jiƙe, yana warin laka da ƙarnin kifi. Duk Lahadi kuwa Baba ba ya gari. Yana idar da sallar asuba yake fita, ba ya dawowa sai gab da magariba, da ɗan ƙunshin soyayyun ƙananan kifaye a hannu. Azahar da la'asar na ranar tela ke kira daga bakin ƙofa da tsurar murya, don makulli ya bi mai shi.

Na tambaye shi ina yake zuwa, ya ce ganin wani aboki a ƙauye. Na ce wane aboki ne wannan da ake zuwa wurinsa da busasshen wando a dawo da jiƙaƙƙe. Ya ce, "Uwata, ki bar ni in ci tuwona." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka da Uwata yake kirana, ko da yana jin haushina.

Da farko na ɗauka mace ce. Na ce wata bazawara mai suyar kifi ta samu tsoho marar mata ta riƙe. Har na fara shirya maganar da zan yi wa ƴan'uwana. Amma da na ƙara lura sai na watsar da wannan. Namijin da ke zuwa zance ba ya dawowa da cinyoyi a saɓule, yana roƙon a ba shi man zafi ya shafa a kafaɗu. Kuma turarensa yana nan kan taga yadda yake, ko raguwa bai yi ba.

Ina cikin wannan lissafi Liman ya aiko a kira ni. Shi abokin Baba ne tun zuwansu Kumasi suna samari, a gabansa aka raɗa mini suna. Ya sa aka ba ni kujera a barandarsa, ya daɗe yana tambayar yara da maigida, har na gane maganar mai nauyi ce.

"Ɗiyata," ya ce, "kin san inda babanki ke zuwa ran Lahadi?"

Na ce ban sani ba, Malam.

Ya ce Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota, wanda shi ya saya wa masallaci na'urar lasifikar, ya kai iyalinsa shan iska tafkin Bosomtwe wata Lahadi. A can ya hangi Baba. Ya gan shi ya tuɓe riga, ya cire makullin masallaci daga wuyansa ya miƙa wa wani tsohon Ba'asante, sannan ya hau katako ya shiga ruwa. Alhaji ya tambayi mutanen wurin, suka ce ai sun san tsohon Zongon nan, kullum in ya kai tsakiya tsayawa yake ya yi ta kira da ƙarfi. Liman ya ce maganar ta riga ta zaga layi, har wasu sun fara cewa ba za su ƙara yin sallah da kiran mutumin da ke bin dokar gunki ba. Dattawa za su zauna. In abin ya tabbata, za a karɓi makullin a ba wani.

"Ni ba zan iya binsa ba," in ji Liman. "Ke ce babba. Ki je ki gani da idonki, kafin a zauna."

Na yi masa sallama na fito. Duk wanda ya tashi a Zongo ya san abin da ake faɗa a kan tafkin nan. Asantawa na girmama shi, suna da dutsen da suke yanka a kai, kuma suna cewa duk wanda ya mutu a ƙasarsu sai ya biya ta can ya yi sallama kafin ya wuce. Mu kuwa in ban da yawon makaranta ba ma zuwa, shi ma sai an ja wa yaro kunne kada ya tsoma ƙafa. Sannan akwai abin da ni na sani, Alhaji bai sani ba. Baba daga bakin kogin Kwara ya fito, wajen Yawuri, kuma iyayensa Sarkawa ne, masu kamun kifi. Shi da bakinsa ya taɓa faɗa mana cewa kakansa yana da maganganun da yake yi wa ruwa kafin ya jefa raga. Ya faɗa ne yana dariya, yana cewa jahilcin da. A ranar dariyar ta dawo mini, na ji ba ta ba ni dariya.

Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro. Ba makullin kaɗai ba. Mutumin da aka raba da ladanci saboda zargin tsafi, a layinmu ya gama yawo. Ba wanda zai ƙara miƙa masa hannu da zuciya ɗaya, kuma ranar da ya mutu sai an yi ƙus-ƙus kafin a tsaya a kansa. Baba ba shi da gona, ba shi da shago. Muryar nan da makullin nan su ne abin da ya rage masa.

Lahadin da ta biyo na kwana a gidan ƙanwata da ke kusa, na fito da sassafe na tsaya bayan teburin mai koko. Ya fito da ledarsa, na bar shi ya yi nisa na bi. A tasha na bari motarsa ta cika ta tashi, na hau ta bayanta. Kwandasta ya ce kai tsaye za mu, na san ƙarya yake, kuma ƙaryar ce, don sai da muka canja mota a Kuntanase.

Daga nan hanya ta fara hawa. Gonakin koko da ayaba dama da hagu, motar na nishi, kunnuwana suka toshe. Can sai muka kai ƙoli, ƙasa ta buɗe a gabanmu lokaci ɗaya. Tafkin yana can ƙasa, a zagaye kamar ruwa a cikin babbar ƙwarya, duwatsu masu kore sun kewaye shi ta kowane gefe, ɗan hazo na kwance a kansa. Wata mata kusa da ni ta ce kai, Allah ya yi halitta. Kyan wurin ma sai ya ƙara mini zargi, don ban ga kogin da ke fita daga cikinsa ba, na ce ruwan da ya zauna shiru haka a rami akwai abin da yake ɓoyewa. Motar ta gangara tana ƙugi, direba na taka birki har ana jin ƙauri.

A ƙasa akwai wurin ƴan yawon buɗe ido, da kiɗa, da rumfunan lemo, da wani jirgi mai inji da ke zagawa da mutane sanye da rigar hana nutsewa. Baba ba ya nan. Na tambayi wata mai sayar da kwakwa cikin Twi, yaren Asantawa, ko ta ga wani tsohon Zongo mai farar hula, ta nuna mini wata ƴar hanyar ƙafa da ta bi bakin ruwa. Na bi ta cikin ciyawa da gindin koko har zufa ta jiƙa mini mayafi, na fito wani ƙaramin ƙauye na masunta.

Ɓuya ba ta yiwu ba. Mace da dogon mayafi a ƙauyen da kowa ke ɗaure da zani a ƙirji, ko awaki sai da suka juyo. Na samu wata mata tana suyar kifi a ƙarƙashin rumfa, na gaishe ta, ta ce akwaba, wato maraba, ta tura mini benci. Daga nan ina ganin bakin ruwa sosai, hayaƙi kuma ya ɗan kare ni daga idon Baba.

Duk abin da Alhaji ya faɗa na gan shi. Baba ya tuɓe ya saura gajeren wandon nan. Ya cire agogo, ya cire tabarau, sannan ya sunkuyar da kai ya zare baƙar igiyar. Makullin da bai yarda in riƙe ba yana kwance da zazzaɓi, shi ne ya ɗora a tafin hannun wani tsoho mai furfura da ke gyaran raga. Tsohon ya zuba su a cikin ƙwarya, ya kai gindin wata babbar bishiya ya ajiye. A jikin bishiyar an ɗaura wani tsohon farin ƙyalle.

Abin da suke hawa ba kwale-kwale ba ne. Gungumen katako ne dogo, marar rami, an sassaƙe shi ya yi faɗi kaɗan, su suna ce masa padua. Ba filafili. Mutum zama yake a kai ya raba ƙafafu cikin ruwa, ya riƙe sakaina a kowane hannu yana jan ruwa da su. Baba ya tura nasa, ya haye, katakon ya yi tangal-tangal ya daidaita. Mutumin da ke dafa bango in zai sauka matakalar masallaci, sai ga shi yana tsaga ruwa a miƙe, bayansa a tsaye, ko waiwaye babu. Na ji haushinsa, kuma a ƙarƙashin haushin na ji wani abu kamar alfahari, wanda ban so ba.

Da ya yi nisa na tashi na nufi tsohon mai raga. Na gaishe shi yadda ake gaida manya a Twi, na ce ni ɗiyar wancan ce. Ya ce ai kamar ta nuna. Na ce, Opanyin, wato dattijo, me ya sa ake karɓe masa makulli?

Ya ce tafkin ba ya son ƙarfe. Ko ƙusa ba a shiga da ita. Haka suka tarar.

Na nuna masa jirgin ƴan yawo da ke can nesa yana ɓarin hayaƙi. Na ce wancan fa, da itace aka yi injinsa?

Ya tofar da yawu gefe. Ya ce su can sun ga kuɗi sun manta, kuma in duba girman kifin da ake kamawa yanzu in faɗa masa ko ba su jawo wa kowa ba. Amma a wannan bakin, duk wanda zai hau katakonsa sai ya bar ƙarfe a tudu. Ya ce ranar farko ya faɗa wa Baba, Baba ya ce yoo, wato to, bai ƙara tambaya ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Baba mai gardama da kowa a kan ganin wata, ya ji dokar tafki ya ce yoo.

Na ce bishiyar nan fa, da ƙyallen? Ya ce ƙyallen ya girme ni, ƙwaryar kuwa a inuwa ya ajiye ta don kada agogo ya yi zafi. A wuyansa akwai ɗan gicciye na katako. Na dubi gicciyen, na dubi ƙyallen, na rasa wanda zan yarda da shi, don haka ban yarda da ko ɗaya ba. Na je na ɗauke ƙwaryar daga gindin bishiyar na dawo da ita kan cinyata. Tsohon ya kalle ni ya ci gaba da ɗinkinsa.

Rana ta kusa tsakiya lokacin da Baba ya daina tuƙi. Ya yi nisa ƙwarai, in ba don na bi shi da ido tun farko ba da ban bambance shi da sauran masunta ba. Na ga ya ajiye sakainun a gabansa. Na ga hannu ya tashi zuwa wajen fuskarsa, amma ko kunne ya kama ko baki ya tare, ban iya gani ba. Sai wata ƴar murya ta iso, guntu-guntu, ta zo ta ɓace. Na miƙe tsaye, na janye mayafi daga kunnena, na taka har ruwa ya taɓa takalmina. Muryar Baba ce, wannan ba shakka. Tana tashi tana sauka. Wani lokaci in ji kamar jan da yake yi a ƙarshen kiran sallah, wani lokaci in ji kamar magana ce kawai. Ko kalma ɗaya ban kama ba.

Mai suyar kifi ta ce daga bayana, haka yake yi kullum. Na ce me yake cewa? Ta ce ita ina ta san yarenmu, su dai suna ce masa tsohon da ke hira da tafki. Ta faɗa da fara'a, kamar yabonsa take yi.

Ya daɗe kafin ya juyo. A hanya ya tsaya ya taya wani masunci jan raga, sannan ya iso. Ya ja katakon tudu, ya ɗago ya gan ni da ƙwarya a hannu. Bai razana ba, wannan ma na rubuta shi a raina.

"Uwata, kin ci abinci?" ya ce.

Na miƙa masa kayansa. Ya sa riga, ya mayar da makullin wuyansa, ya ɗebi ruwan tafkin ya yi alwala. Ya shimfiɗa buhu ya ta da azahar. Na duba rana da inuwa na tabbatar gabas ya fuskanta, ba bishiya ba. Amma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Na san mutane a Zongo masu goshin sallah baƙi ƙirin, da daddare kuma suna layi a ƙofar boka. Ni ma na yi tawa sallar a gefe. Muka hau mota ɗaya muka dawo, ƙunshin kifi a tsakaninmu har Kumasi.

An zauna a barandar Liman bayan azahar, a cikin makon. Dattawan layi a kan tabarma, Alhaji a kujerar roba, tela a can gefe yana wasa da carbi kamar ba ruwansa, alhali kowa ya san wa za a ba makullin. Ni aka sa mini kujera a bakin ƙofa. Baba ya zauna a tsakiya da farar hularsa.

Alhaji ya fara, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba. Ya faɗi abin da ya gani daidai yadda na gani.

"Ni ba ni da faɗa da shi kuraa, ko kaɗan," ya ce. "Amma abin ya dame ni paa, ba kaɗan ba. Makullin ɗakin Allah a hannun wanda ba ya sallah, a gindin itacen da aka ɗaura wa tsumma? Kuma don me? Don ruwa ya ce ba ya son ƙarfe. Malam, ruwa yana da so da ƙi ne?"

Liman ya juya wurin Baba. Baba ya ce gaskiya ne yana cire ƙarfe. Katakon na mutane ne, bakin ruwan nasu ne, sun ce ga sharaɗinsu, ya bi. Ya ce shi bai taɓa cewa ruwa na so ko ƙi ba. Wani dattijo ya ce to don me ba zai bar makullin a gida ba. Baba ya ce bai saba rabuwa da shi ba ne. Aka ɗan yi guna-guni, amma na ga wannan ɓangaren zai wuce.

Sai Alhaji ya ce, "To, kiran fa? Mutanen ƙauyen da kansu suka ce hira yake da tafki. Wa yake kira a tsakiyar ruwan nan?"

Liman ya ce, "Abokina, faɗa musu a wuce wurin."

Baba ya dubi tabarma. Ya ce, "Wannan tsakanina da Allah ne."

Liman ya sake tambaya, ya sake ba da amsar nan. Na ga fuskokin dattawa sun canja. Wanda ke kusa da shi ma ya ɗan janye gwiwarsa. Tela ya daina jan carbi. Baba ya kai hannu wuyan rigarsa ya dafa igiyar, kuma na gane in aka ƙara minti ɗaya zai zare ta ya ajiye da kansa, ya tashi ya fita, ba kuma zai sake shiga masallacin nan ba.

Liman ya ɗago ya dube ni. "Ɗiyata, ke kin je. Me kika ji?"

Kowa a layin nan ya san ni. Sun san ba na yabon abin da ban gwada ba, sun san na taɓa mayar wa mahauci nama a gaban jama'a. In na ce na ji, an gama. In na ce ban ji sosai ba, shi ma an gama. Na dubi hannun Baba a kan igiyar, yatsun duk tabon walda.

Na ce, "Kiran sallah ne, Malam. Lokacin azahar ne, kuma da kunnena na ji."

Liman ya ce alhamdu lillahi tun kafin in rufe baki. Alhaji ya kalle ni ya daɗe, sannan ya ce yoo, tunda ita ta faɗa. Aka yanke cewa makulli zai zauna a wurin Baba, sai dai ran Lahadi ya bar wa tela shi kafin ya fita. Aka yi addu'a, aka shafa, kowa ya nemi takalminsa. In yau aka sake zaman nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Muka fito ni da Baba muka bi ta lungun bayan masu niƙa, shi a gaba ni a baya, muna tsallake kwata. Sai da muka wuce inda mutane suke ya rage tafiya.

"Uwata," ya ce, bai juyo ba, "daga bakin nan ba a jin komai. Iska can ƙetare take kai murya."

Na ce na sani.

Muka ƙara ƴan taku. Na so in yi shiru, amma ni ba a yi ni da shiru ba. Na ce, "Baba, na riga na sa wuyana. Yanzu faɗa mini, me kake cewa a can?"

Ya tsaya kusa da wani bango, ya dafa shi.

"Da uwarki nake magana," ya ce. "In na yi a ɗaki, maƙwabta su ce na zare. A maƙabarta mutane na kallo, sai dai addu'a a taso. Can ba mai ji. Nakan faɗa mata wanda ya haihu, da wanda ya rasu, da yadda kike sa mini gishiri da yawa a miya."

Na ce, "Ka san abin da Asantawa ke faɗa a kan tafkin nan da matattu?"

"Na sani."

"Ka yarda da shi?"

"Ban ce tana ji ba," ya ce. "Ban kuma ce ba ta ji ba. Ni dai in na faɗa, nakan iya barci."

Ina da sauran tambayoyi cike da baki, amma ko ɗaya ba ta fito ba, don kuka ya riga su. Ya bar ni na yi, bai lallashe ni ba. Can ya ɗaga kai ya dubi inuwar bango, ya ce la'asar ta yi. Ya zaro igiyar daga ƙarƙashin riga, ya wuce ni ya nufi masallaci da ɗan saurinsa.

Ina tsaye a lungun lasifika ta yi ƙara, ya hura ta sau biyu kamar yadda ya saba, sannan muryarsa ta fito a kan rufin kwanon layin gaba ɗaya. Masu niƙa suka kashe inji. Mata suka fara fitowa da butoci, waɗanda da safiyar ranar suke cewa ba za su bi kiransa ba, yanzu kuma sun bi saboda maganata. Ni kaɗai a layin na san abin da na sani. Na share fuskata da gefen mayafi, na roƙi wata mata aron buta, na tsuguna a bakin kwata na yi alwala.